Tsohuwar Mota da Sabon Inji: Yadda Ake Mayar da Motar Fetur Ta Koma Ta Lantarki

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Maradun zuwa Talata Mafara, ko ya zaga garejin bakanikai a Bakura, ba zai rasa ganin wata tsohuwar mota a ƙarƙashin dogon yaro ba, tayoyinta sun sace, awaki suna sheƙe aya a inuwarta. Wata Peugeot 504 ce, wato Fijo, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Wata kuwa Volkswagen Beetle ce, mai doron kunkuru, irin wadda aka fara harhaɗawa a Legas a wannan shekara. Akasarinsu ƙarfen jikinsu yana nan garau, domin ƙasarmu ba ta da danshin da ke sa tsatsa ta cinye mota da wuri. Inji ne ya mutu, ko kuwa mai motar ne ya gaza da kuɗin mai.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A wata ziyara da na kai wa ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta wata makarantar sakandare a Maradun, wani yaro ɗan aji biyar ya miƙe ya ce, “Malam, tun da rana kyauta ce, me zai hana mu cire injin motar babanmu mu sa mata batir da sola?” Tambayar ta cancanci cikakkiyar amsa. Abin yana yiwuwa, an kuma yi shi a ƙasar nan. Sai dai aikin yana farawa ne da lissafi a kan takarda tun kafin a ɗauki sifana, kuma kusan dukkan lissafin a kan batir yake.

Tarihin Abin a Taƙaice

Mutane da yawa suna zaton motar lantarki sabon abu ce. Haƙiƙa tsararrakin juna ne da motar fetur. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin dalma wanda ake iya sake yi wa caji, kakan wanda ke cikin motocinmu a yau. A 1899 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a sa'a guda cikin mota, kuma motar ta lantarki ce. Wajen shekarar 1900 kusan sulusin motocin Amurka da batir suke tafiya. Abin da ya kayar da su shi ne arhar fetur, da arhar motar Ford da ta fito a 1908, da kuma nauyin batir da gajeren zangonsa. Sai bayan da kamfanin Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991 aka sami ma'ajiyar wuta marar nauyi. Masana uku da suka share fagen wannan batir, Goodenough da Whittingham da Yoshino, sun sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2019.

A gida Nijeriya, a 2014 jaridu sun ba da labarin Segun Oyeyiola, ɗalibin injiniya a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wanda ya mayar da tsohuwar Beetle ta koma ta lantarki, ya ɗora mata faifan sola a rufi. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injunan ƙananan motocin bas yana sa musu batir, daga baya kamfaninsa, Phoenix Renewables, ya shiga ƙera nasa motocin tun daga tushe. Kusa da mu kuma, a watan Afrilun 2021 Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa ta buɗe tashar cajin motoci mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana siffar samfurin motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a Amurka a 2007. Shi kansa kamfanin Volkswagen a 2019 ya nuna tsohuwar Beetle da aka sa wa injin lantarki, mai tafiyar fiye da kilomita 200 kafin a sake caji.

Abin da Ake Cirewa da Abin da Ake Sawa

Masu sha'awar wannan aiki a ƙasashe da dama sun fi son Beetle, kuma da dalili. Nauyinta bai wuce wajen kilo 800 ba. Injinta yana baya, iska ce ke sanyaya shi, don haka ba ta da lagireto. Kusoshi huɗu ne suka ɗaure injin da giyabos. Ba ta da kwamfuta ko ɗaya da za ta rikice idan an taɓa wayoyi. Fijo 504 ta fi ta faɗin wurin ajiye batir, amma ta fi ta nauyi da kusan rabi, saboda haka ta fi ta cin wuta.

Abubuwan da ake fitarwa su ne inji da kafireto da salansa da tankin mai. Giyabos da kuloci da ƙafafu da sitiyari duk suna nan yadda suke. A gurbin injin fetur sai a ɗaura injin lantarki, wanda a ƙa'idar aikinsa bai bambanta da na fanka ko na famfon rijiyar burtsatse ba: wuta tana bin naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya juya sandar tsakiya. Michael Faraday ne ya fara nuna wannan juyi a Landan a 1821. Wasu masu ƙaramin ƙarfi sukan sayi tsohon injin motar ɗaga kaya ta cikin masana'anta, su gyara shi, ya yi musu aiki.

Aikin da ya fi buƙatar gwaninta shi ne haɗa sabon injin da tsohon giyabos. Ana yanka faifan ƙarfe mai kauri wanda ramukansa suka dace da ɓangarorin biyu, a kuma sassaƙa mahaɗin da zai riƙe sandunan biyu. Idan sandunan suka kauce wa juna ko da kaurin 'yan gashin kai ne, motar za ta riƙa karkarwa, boris ya lalace cikin 'yan makonni. Wannan aikin mai injin sassaƙa ƙarfe ne, irin waɗanda ake samu a Panteka ta Kaduna, ko a sashen injiniya na kwalejojin kimiyya da fasaha.

Daga nan sai na'urar sarrafa wuta, wadda ke tsakanin batir da inji. Ita ce ke karɓar umarni daga totur, ta ƙara wuta ko ta rage. Sai caja, sai kuma wata ƙaramar na'ura mai sauke wutar babban batir zuwa bolt 12 domin fitilu da ham da goge gilashi. Mai Fijo yana da ƙarin aiki guda: birkinta yana samun taimako daga zuƙar iskar injin fetur, don haka idan an cire injin wajibi ne a sa ƙaramin famfon lantarki ya maye wannan gurbi. Wanda ya manta da haka zai taka birki ya ji shi tauri kamar dutse.

Darasi daga Minjirya

Kafin mu shiga lissafi, ya kamata mu fahimci yadda ake tara wuta a batir, kuma a nan masuntan tafkin Bakolori sun riga mu sanin malamin. Minjirya kifi ne mai santsi da ke zaune a kogunanmu, wanda idan mutum ya kama shi da hannu zai ji an fizge shi har kafaɗa. A ƙarƙashin fatarsa akwai ƙwayoyin halitta na musamman, kowace tana iya samar da wutar da ba ta fi kashi ɗaya bisa goma na bolt da 'yan kai ba. Wannan ba ya ko motsa sauro. Amma da yake an jera su dubbai, wannan a bayan wannan, ƙarfinsu yana haɗuwa, har babbar minjirya takan saki fiye da bolt 300 a bugu guda. Alessandro Volta, wanda ya ƙera batirin farko a 1800, ya kwatanta abin da ya ƙera da gaɓar lantarkin irin waɗannan kifaye.

Haka batirin mota yake. Batirin dalma mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane da bolt 2. Ɗan batirin litiyam na nau'in da ake haɗawa da sinadarin ƙarfe da fosfet yana ba da bolt 3.2, don haka idan an jera 30 za a sami bolt 96, wanda ya ishi ƙaramar mota yawo a gari.

Lissafi Kafin Sifana

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi shi ne wanda kowa ya sani a mitar gida, wato yunit. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 zai sha cikin sa'a guda. Ƙaramar mota irin Beetle tana buƙatar kimanin yunit 15 domin tafiyar kilomita 100, idan ba a cika gudu ba. Mu ɗauka malamin makaranta ne a Maradun, wanda zirga-zirgarsa ta yini, har da zuwa Talata Mafara da dawowa, ba ta wuce kilomita 60. Bukatarsa ke nan yunit 9 a rana. Domin kwatance, abincin da baligi ke ci a yini yana ɗauke da makamashin da bai kai yunit 3 ba, wato motar tana cin abincin mutum uku da ɗoriya.

Da fetur, wannan tafiya za ta ci wajen lita 5. Kowace lita tana ɗauke da kimanin yunit 9 na makamashi, jimla yunit 45. Mai karatu zai tambaya, ina sauran 36 suka tafi? Sun zama zafi, sun fita ta salansa da jikin inji. Injin fetur ba ya mayar da fiye da rubu'in abin da ya sha zuwa motsi, kuma abin sha'awa, tsokar ɗan Adam ma kusan haka take, shi ya sa manomi ke gumi a gona. Injin lantarki kuwa yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa motsi.

Amma fetur yana da fifikon da har yau ba a kamo shi ba. Litocin nan biyar ba su kai kilo 4 ba. To, mu auna batir. Babban batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ake sa wa sola a gidaje, yana riƙe yunit 2.4, nauyinsa kuma wajen kilo 60. Batirin dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabin cajinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Don haka mai bukatar yunit 9 sai ya tanadi 18 ko fiye, wato batir takwas. Takwas sau 60, kilo 480 ke nan, kusan buhu biyar na gero a cikin motar da ita kanta kilo 800 ce. Ko an cire nauyin injin da aka fitar, wanda ya ɗan haura kilo 100, sifirin zai durƙusa, birki ya yi rauni, motar kuma ta ƙara cin wuta saboda nauyin abin da ke ba ta wutar.

Batirin litiyam ana iya amfani da kashi 80 cikin 100 na cajinsa ba tare da illa ba. Mai yunit 12 ya wadatar, nauyinsa kuma tare da akwatinsa wajen kilo 120, kusan daidai da injin da aka cire. Yana jure caji da saukewa sau dubbai, na dalma kuwa sau 'yan ɗaruruwa. Tsadarsa a farko ita ce matsalarsa, kuma a yawancin irin wannan aiki batir ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin.

Sola a Rufin Mota, ko a Rufin Gida?

Yanzu mu dawo kan tambayar ɗalibina. Rufin Beetle bai fi ya ɗauki faifan sola ɗaya mai wat 400 ba. Yankinmu yana cikin wuraren da suka fi samun rana a Nijeriya, ana ƙiyasta masa daidai da sa'o'i biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a yini. Bayan an cire asarar ƙura da zafi da wayoyi, faifan zai tara ƙasa da yunit 2, wanda zai kai motar kilomita 10 zuwa 12 kawai. Taimako ne, amma ba zai kai malaminmu Mafara ya dawo da shi ba. Idan kuwa aka kafa faifai shida a rufin gida ko rumfar makaranta, za su ba da kusan yunit 10 a yini, su cika batirin yayin da motar ke tsaye. Ke nan wurin sola shi ne inda motar ke hutawa. A lokacin hunturu sai an riƙa goge faifan a kai a kai, domin ƙurar buji tana rage musu ƙarfi ƙwarai.

Akwai wata dabara da ɗalibai suke yawan kawowa, cewa a ɗaura farfela a gaban mota ko dinamo a taya, ta yadda motar za ta riƙa yi wa kanta caji tana tafiya. Wannan ba ya yiwuwa. Iskar da ke juya farfelar gudun motar ne ya haifar da ita, gudun kuwa daga batir ya fito, kuma a kowane mataki ana asarar wani abu. Tamkar mutum ne ya riƙa ɗebo ruwa daga randa da ƙoƙo mai yoyo yana mayarwa cikinta, yana fatan ta cika. Abin da ke yiwuwa shi ne ƙwato wani ɓangare na makamashin gudu a lokacin taka birki ko gangara, inda injin yake juyewa ya zama janareta na ɗan lokaci.

Zafi, Wuta da Dalma

A ilimin halittu muna koyar da cewa yawancin sauye-sauyen sinadarai a jikin mai rai suna ninka saurinsu idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Shi ya sa nono ke saurin tsami da bazara. Batir ma tukunyar sinadarai ce, kuma sauye-sauyen da ke tsufar da shi suna bin wannan ƙa'ida. An ƙera batirin dalma ne domin zafin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage kusan rabin rayuwarsa. A Zamfara kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota ya fi haka nesa. Batirin litiyam shi ma zafi yana tsufar da shi, kuma idan aka cika masa caji fiye da kima, ko aka huda shi, yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Nau'in mai ƙarfe da fosfet ya fi sauran jure zafi, shi ya fi dacewa da mu. Kowane iri aka zaɓa, dole a haɗa shi da na'urar da ke lura da bolt da zafin kowane ɗan batir, ta yanke wuta idan abu ya wuce iyaka. Tsintar tsofaffin baturan kwamfuta a jera su barkatai ba tare da wannan na'ura ba, kwana da garwashi ne a ƙarƙashin katifa.

Haɗari na biyu shi ne wutar kanta. Bolt 12 ba ya jan mutum, amma bolt 96 yana iya kisa, musamman ga jiki mai gumi. Lokacin da motar ke tashi, wutar da ke bin manyan wayoyinta takan kai ɗaruruwan amfiya, fiye da ta injin walda. Sifana ɗaya da ta faɗa tsakanin kawunan batir za ta narke nan take. Saboda haka a naɗe kayan aiki da roba, a cire zobe da agogo, a sa fis da makashin gaggawa kusa da direba, kada kuma a haɗa babban batir da ƙarfen jikin mota kamar yadda ake yi wa na bolt 12. Bayan an gama, a kai motar wurin jami'an duba lafiyar motoci kafin a hau titi da ita.

Haɗari na uku mu mutanen Zamfara mun fi kowa saninsa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Jiki yana ɗaukar dalma a matsayin sinadarin kalsiyam, ya ajiye ta a ƙashi, ta hana haɗa jan sinadarin jini, ta kuma lalata ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa, lalacewar da ba ta gyaruwa. Fiye da rabin nauyin batirin inbata dalma ce. Batir takwas ɗin da muka lissafa suna ɗauke da fiye da kilo 250 nata. Idan sun mutu, kada a fasa su a tsakar gida, kada a narka su a murhu, kada a bar yara su yi wasa da su. A mayar da su a rufe ga dillalan da ke karɓar tsohon batir.

Shawara ga Malamai da Ɗalibai

Ba kowace makaranta ce za ta iya sayen batirin mota ba, kuma ba da mota ya kamata a fara ba. Ƙungiyar kimiyya tana iya farawa da tsohon keke, da ƙaramin injin lantarki mai bolt 24 ko 36, da faifan sola guda. Duk darussan da ke cikin babbar mota suna cikin wannan keke: jeren batir, lissafin yunit, nauyi da zango, tasirin zafi. Ɗalibai su auna nisan da keken ya yi da caji ɗaya, su ƙara masa kaya su sake aunawa, su gwada da safe su gwada da azahar, su rubuta komai a littafi. Malamin fiziks da na kimiyyar sinadarai da na lissafi duk suna da rabo a ciki. Idan aikin ya girma, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, Cibiyar Binciken Makamashi kuma tana Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, sai a nemi shawarar injiniyoyinsu. A kuma jawo bakanike da mai gyaran wayar mota na gari a jiki, domin sun san waɗannan tsofaffin motoci kusa da kusa, abin da babu shi a littafin aji.

Kammalawa

Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Motar da ke kwance a ƙarƙashin dogon yaro tana iya sake tashi, ta yi tafiya shiru ba hayaƙi, da wutar da aka tara daga rufin gida. Za ta dace da gajeren zango na kullum, kamar tsakanin Maradun da Mafara. Doguwar tafiya zuwa Kano kuwa sai an ninka batirin, kuɗin ma ya ninku. Ɗalibin da ya yi mini tambayar nan na ba shi aikin gida, kuma shi nake ba duk mai karanta wannan mujalla: ya rubuta kilomita nawa motar gidansu ke yi a yini, ya fitar da yunit nawa take bukata, da kilo nawa na batir, da faifan sola nawa. Wanda ya kawo wa malaminsa waɗannan alƙaluma huɗu daidai, shi ne ya isa a miƙa masa sifana.